Takardar wuta ta ninka a Zango: kafin a tuhumi kowa, a karanta kontar

Duk shekara, da bazara ta kankama, akwai rigimar da ke komowa gidajen Damagaram. Takardar NIGELEC ta iso zaure, mai gida ya kai ido ƙasanta, ya ga jika arba'in da ɗoriya inda ya saba ganin jika goma sha biyar. Kafin la'asar an fara neman mai laifi. Matar ƙanensa da ke sayar da ƙanƙara ita ake fara kallo. Daga ita sai samarin ɗakin zaure masu cajin waya dare da rana, sai ɗan hayar da ake jin ƙarar fankarsa ko ba ya nan, sai maƙwabcin da aka taɓa ja wa waya ranar bikin ɗiyarsa. In an rasa wanda za a kama, a ce kontar ne ke gudu, ko kuwa kamfani ya yi ƙari ba sanarwa.

Maganar ba ta wasa ba ce. Tun watan Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne, ke nan takarda guda na iya lashe albashin wata na mai gadi ko lebura. Wanda ya kasa biya a yanke masa a tsakiyar Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kuma kafin a maida masa sai ya biya bashi, ya biya kuɗin maidawa. Abin da ba ya shiga lissafi shi ne zumuncin da ke lalacewa, don akwai gidajen gado da 'yan uwa suka daina gaisawa a kan rabon kuɗin wuta.

A unguwa irin Zango, takardar da ta yi tsalle ba safai take zama aikin mutum ɗaya ba. Galibi abu uku ne ke haɗuwa: zafi ya ƙara yawan wutar da ake sha, farashin kilowat yana hawa da yawan sha, sannan gida mai ɗaki goma yana rataye a kontar ɗaya da aka tsara don iyali ɗaya. Satar wuta akwai ta, kuskuren karatu ma akwai shi, za mu zo kansu. Amma daga takardar ya kamata a fara.

Abin da ke rubuce a saman takarda

Yawancinmu layin ƙarshe kaɗai muke karantawa, wato jimillar da za a biya. Labarin kuwa a sama yake. Akwai lambobi biyu, ɗaya ƙarƙashin “ancien index”, ɗaya ƙarƙashin “nouvel index”: abin da kontar ya nuna a karatun da ya wuce, da abin da ya nuna a karatun wannan wata. In aka cire na farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne kilowat ɗin da ake bin gida. A ɗauki takardar a je gaban kontar da ita. Lambar da ke fuskar kontar yau dole ta ɗan fi sabuwar lambar da ke kan takarda, tunda an ci gaba da shan wuta bayan mai karatu ya tafi. In ta takarda ce ta fi, to an rubuta wa gidan wutar da bai sha ba tukuna, kuma hoton kontar da aka ɗauka da waya ya isa hujja a ofishin kamfani. A duba lambar jikin kontar ma, a gwada da wadda ke kan takarda. A lungunan da kontar uku ko huɗu ke jere a bango ɗaya, musayar karatu ba abin mamaki ba ce.

Sai ranakun karatu. Takardar da ta ƙunshi kwana 36 ba za ta yi daidai da mai kwana 27 ba, ko da ba a ƙara ko ƙwan fitila ɗaya a gidan ba. Sai kuma bashin baya. Sau da yawa abin da ya firgita mai gida takardun wata biyu ne a haɗe, saboda yaron da aka aika biya bai kai ba, ko an biya ta waya an yi kuskuren lamba.

Akwai kuɗaɗen da ke kan takarda waɗanda ba farashin wuta ba ne: kuɗin abonma na kowane wata da ke bin ƙarfin kontar, harajin TVA wanda a Nijar kashi 19 cikin ɗari ne, kason gidan rediyo da talabijin na ƙasa da ake cira a kan kowane kilowat, da harajin mazauni wanda dokar kasafin kuɗin 2018 ta shigo da shi ta rataya a kan kontar. Mutanen Damagaram ba su manta da wannan doka ba. Ita ce ta fitar da ƙungiyoyin farar hula kan titi a Yamai da sauran manyan birane, har aka kama su Moussa Tchangari da Ali Idrissa da Nouhou Arzika ranar 25 ga Maris 2018. Sai dai waɗannan kuɗaɗe ko dai tsayayyu ne, ko suna bin yawan sha ne. Su kaɗai ba sa ninka takarda tsakanin Janairu da Mayu.

Farashi mai hawa-hawa

Kafin 2018, in ban da ƙananan masu sha da aka yi wa rangwame, gidaje farashi ɗaya suke biya a kan kowane kilowat, kimanin sefa 79. Jadawalin da ya fara aiki a Janairun 2018, bayan aikin hukumar ARSE mai sa ido kan sha'anin makamashi wadda aka kafa a ƙarshen 2015, ya raba farashin mataki-mataki. Ga gida mai kontar na kilowat 3 ko 6, kilowat 150 na farko a wata kimanin sefa 68 ne kowanne. Daga 151 zuwa 300 ya koma kusan sefa 90. Abin da ya haura 300 kuwa kimanin sefa 127. Mai kontar na kilowat 3 da bai wuce 50 a wata ba, shi ke cin rangwamen talaka, kimanin sefa 59. Lissafin da ke biye a kan wannan jadawali yake, ba tare da haraji ba. Kowa ya gwada da farashin da aka buga a kan tasa takardar, kuma mai zaton an yi ƙari a ɓoye ya ajiye takardar hunturu kusa da ta bazara ya duba farashin kowane mataki. Farashin wuta da dokar gwamnati ake sauya shi, ba a teburin mai karɓar kuɗi ba.

Gidan da ya sha kilowat 140 a Janairu zai biya kimanin sefa 9,600. Ya sha 280 a Maris, kuɗin ba zai tsaya a ninki biyu ba, zai kai kusan 21,900. Ya sha 420 a Mayu, ya zama 39,000. Wuta ta ninka sau uku, kuɗi ya ninka sau huɗu. Nan ne mamakin yawancin masu gida ke fitowa. Suna da gaskiya da suke cewa ba su sha wutar da ta kai ninki huɗu ba. Abin da ba a gaya musu ba shi ne kilowat ɗin ƙarshen wata ya kusa ninka na farkon wata tsada.

Wannan tsari ne ke sa karatun da aka tsallake ya zama da haɗari. A ce gida yana shan kilowat 200 duk wata. Wata biyu, in an karanta daidai, kimanin sefa 29,500 ne. To a ce a watan farko mai karatu ya tarar da ƙofa a rufe, ko kontar yana cikin ɗakin da mai shi ya tafi Kano da makulli, aka rubuta 50 bisa ƙiyasi. A wata na biyu za a ga 350. Mai gida ya ji daɗin takardar farko, ta biyu kuma ta zo da jika talatin ita kaɗai. In aka zuba wannan ragowar a wata ɗaya ba tare da an raba matakan bisa yawan kwanaki ba, gidan ya biya kusan jika huɗu fiye da haƙƙinsa, a kan wutar da ba ta ƙaru da ko kilowat ɗaya ba. Duk wanda ya ga takarda mai sauƙin da bai saba ba, ta biyo da mai nauyin da bai saba ba, wannan ce tambayar da zai kai ofis: kwana nawa wannan karatu ya ƙunsa, kuma yaya aka raba matakan?

Gidan da aka gina don ayari

Zango ba don iyali mai miji da mata da 'ya'ya huɗu aka gina ta ba. Masaukin fatake ce a wajen ganuwar Birni, inda ayarin Abzin da 'yan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Tarabulus ke sauke kaya a ƙarni na 19, lokacin da Damagaram ta yi ƙarfi a zamanin Sarki Tanimun. Attajirai irin su Malam Yaro sun gina gidaje masu zaure a bayan zaure, da ɗakunan baƙi da na ajiya. Ayari ya daina zuwa, babban birnin ƙasa ya koma Yamai a 1926, amma gidajen suna nan. Yau jikoki da tattaɓa-kunne sun raba sassa, an sa 'yan haya a wasu ɗakunan, ɗakin da ke fuskantar titi ya zama shago ko wurin ɗinki. Kontar kuwa ɗaya ne, sau da yawa da sunan kakan da ya rasu tun shekaru.

A sake ɗauko kilowat 420 ɗin nan. In iyali huɗu ne suka sha shi, kowanne 105, to babu wanda ya fita daga matakin farko. Da kowa na da kontar nasa, kowanne zai biya kimanin sefa 7,200, jimilla 28,700. A kontar ɗaya 39,000 ne. Bambancin ya haura jika goma a wata, kuma ko an cire kuɗin abonma da kowane sabon kontar zai jawo, riba na nan. Lamarin ya fi muni ga mafi talauci. Ɗaki shida na haya, kowanne da fanka ɗaya da fitila biyu, kowanne na shan kilowat 45: duka shidan sun cancanci rangwamen talaka, kimanin sefa 2,700 kowanne. Da aka haɗa su a kontar ɗaya sun zama gida mai shan 270, kowa zai ba da kusan 3,500.

A ganina nan ne babban gibin tsarin yake. An yi matakan ne don mai kilim uku ya tallafi mai fitila biyu, kuma niyyar ba ta da laifi. Amma kontar ba ya ƙidaya mutane. A wurinsa gidan mutum talatin a Zango ko Garin Malam da gidan babban ma'aikaci mai mutum biyar duk ɗaya ne, muddin lambar ta kai 400. Rangwamen da aka yi don talaka yana wuce talakan da ba shi da halin sa kontar nasa.

Wa ke shan wutar a cikin gida

Lissafin ba shi da wuya. Kowace na'ura an rubuta ƙarfinta da wat a jikinta. A ninka da awannin da take aiki a rana, a ninka da 30, a raba da dubu.

Samarin zaure dai a wanke su. Cajin waya guda, ko kullum ake yi, bai kai kilowat ɗaya a wata ba. Fanka kuwa, da kowa ke raina ta, ita ce ke cika mudu. Ta sama mai wat 75 da ke juyawa awa 20 a rana tana shan kilowat 45 a wata. Guda biyar 225 ke nan, kuma a Janairu duka biyar ɗin a kashe suke. Wannan kaɗai ya isa ya tura gida daga mataki na farko zuwa na uku. Kilim mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, wat 1,200 ko kusa da haka, in injinsa ya yi awa takwas a dare ya kusa 290. Ɗaki ɗaya mai kilim a gidan gado yana iya shan abin da ya fi na sauran ɗakunan gaba ɗaya, kuma shi ne ke sa kowa ya shiga farashin sefa 127. Raba takarda daidai-wa-daida a irin wannan gida zalunci ne, ko da ba da gangan aka yi ba.

Konjilater na da nasa labarin. Azumin 2024 da na 2025 duk a watan Maris suka kama, gidaje da dama kuma da cinikin ƙanƙara da lamurje da zoɓo suke rufa wa kansu asiri. Yawancin injinan tsofaffi ne da aka shigo da su na hannu, robar ƙofarsu ta saki, bayansu ya toshe da ƙura, an jingina su da bangon da rana ke duka tun hantsi. A sanyi injin yana hutawa. A zafi, da ruwa mai ɗumi da ake cusa masa safe da yamma, kusan ba ya tsayawa: wat 200 awa 20 a rana, kilowat 120 ke nan. Mai sana'ar ba ta yi laifi ba, amma ya kamata ta san cewa wutar tana cikin jarinta, ta sa ta a farashin ƙanƙara.

Akwai mai sha guda da ya keɓanta da garinmu. Matsalar ruwan Damagaram tsohuwa ce, daga Gogo Machaya da Arunguza har zuwa Ganaram, shi ya sa gidajen da ke da hali suka sa tanki da injin tura ruwa. Injin mai rabin doki kimanin wat 370 ne. In yana aiki awa ɗaya ba komai ba ne. In na'urar da ke kashe shi ta lalace, ko aka bar shi yana jan iska cikin dare ana jiran ruwan da bai zo ba, zai yi ta sha har gari ya waye. A hunturu kuma mai laifin ya sauya: ƙarfen dafa ruwan wanka da resho na lantarki, masu wat 1,000 zuwa 1,500.

Mutane na tambaya, da gaskiyarsu: yaya za a yi ana ɗauke wuta kullum amma takarda na ƙaruwa? Kontar ba ya lissafa awannin duhu, wannan tabbas ne. Sai dai in wuta ta dawo, konjilater da ya narke sai ya sake daskarewa daga farko, batiran da aka ajiye don kunna fanka a lokacin ɗaukewa sai sun cika, kuma abin da batir ke sha ya fi abin da yake mayarwa. Gidan da ya sayi batir da na'urar juya wuta bai rage sha ba, ya dai sauya lokacin shan ne, ya ƙara da asara.

Gwajin da ba ya bukatar ko dala

A zaɓi lokacin da akwai wuta, a kashe komai a gidan, a zare kowace waya daga bango har ta firigo, a bar disjonkter a kunne, a tsaya gaban kontar minti goma. Tsohon kontar faifai ne ke juyawa a cikinsa, sabon kuma 'yar fitila ce ke ƙyaftawa. In komai ya tsaya, wayoyin gidan lafiya lau, sai a riƙa kunna sassa ɗaya bayan ɗaya a ga wanda ke sa shi gudu. In bai tsaya ba, wuta na fita ta wata hanya: ko tana zuba a bango, ko tana tafiya wani gida.

Zubar wuta a bango ta fi kowanne haɗari, kuma gidajen ƙasa sun fi fuskantarta. An ja wayoyi da yawa cikin bango ba tare da bututu ba, an ɗaure mahaɗarsu da leda, aka yi yaɓe a kai. Bangon ƙasa yana shan ruwa. Damanar 2024, wadda ta rushe tsohon masallacin Birni ranar 3 ga Satumba, ta jiƙa gine-gine da yawa har cikinsu. Disjonkter irin na tsarin Faransa, wanda galibi aka rubuta 500 mA a jikinsa, ba lallai ya faɗi ba in zubar ba ta yi yawa ba, amma ko wat 50 ne ke zuba dare da rana, kilowat 36 ke nan a wata da ba su haska wa kowa ɗaki ba. Alamarta ita ce ƙofar ƙarfe ko famfo da ke ɗan jan hannu, ko wani wuri a bango da ke da ɗumi. Wanda ya ga haka ya bar maganar kuɗi tukuna, ya kashe disjonkter, ya kira mai gyaran wuta da ya san aikinsa, don rai ake magana.

Batun maƙwabci kuwa, gwajinsa da dare ake yi. A kashe disjonkter bayan isha'i, a fita a duba ko akwai shago ko ɗakin da ba na gidan ba da ya yi duhu tare da ku. Sau da yawa ba sata ba ce irin ta ɓarawo. Waya ce da wani dattijo ya yarda aka ja shekara goma da suka wuce don fitila ɗaya, yau fitilar ta haifi firigo da talabijin. Irin wannan a zaure ake warware ta, in ta ƙi a kai wa mai unguwa.

In an kashe disjonkter gaba ɗaya kontar bai daina lissafi ba, wannan ya wuce aikin mai gida. Haka in ana zaton kontar na gudu fiye da ƙima. Ana iya gwada shi da resho mai wat 1,000 shi kaɗai na awa ɗaya: ya kamata lambar ta ƙaru da kilowat ɗaya, ko ƙasa da haka kaɗan in wutar ta zo da rauni ba ta kai volt 220 ba. In ta ƙaru da ɗaya da rabi ko biyu, a rubuta takardar koke, a haɗa da hotuna da takardun wata shida, a nemi a zo a auna kontar, a karɓi shaidar ajiye koken. In ofis bai ba da amsa ba, sauraron koken masu amfani da wuta na cikin aikin ARSE. Abu ɗaya ne ba a yi: barin wani “mai dabara” ya taɓa hatimin kontar. Ranar da aka gano, tara ce da yankewa, kuma duk hujjar da mai gida ke da ita ta mutu.

Wanda ba ya son jiran takarda ta ba shi mamaki, ya sa yaro ɗan makaranta ya riƙa rubuta lambar kontar kullum bayan sallar asuba. Kilowat biyar a rana shi ne iyakar mataki na farko, goma kuma ƙofar mataki na uku.

Abin da ya fi ƙarfin mai gida

Ba a sa ran wuta ta yi arha nan kusa. Damagaram da Maradi sun daɗe suna dogaro da layin da ke fitowa daga Katsina ya bi ta Gazawa, tare da abin da ake samu daga matatar SORAZ da injinan cikin gida. Da Najeriya ta katse wuta a farkon Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙasar ta rasa tushen da ke ba ta kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da take sha. An maida layin a Maris 2024, amma a Afrilun 2025 ministar makamashi Haoua Amadou ta ce megawat 46 kawai ake samu a maimakon 80 da aka saba. Duk gibin da aka cike da injin mai ƙona mai, ya fi wutar da ake sayowa tsada. A can maƙwabta ma ba sauƙi: a Afrilun 2024 Najeriya ta ɗaga farashin rukunin da ake kira Band A daga naira 68 zuwa 225, kuma 'yan uwanmu na Kano da Katsina da ba su da mita sun fi mu sanin zafin takardar ƙiyasi.

Tunda farashi ba zai sauka ba, abin da hukuma ke iya yi wa Zango shi ne ta sa kowane iyali ya biya farashin da ya dace da shansa. Hanyar ita ce kontar ga kowane sashe. Abin da ke hana mutane kuɗin shigarwa ne da takardun da ake nema, musamman a gidan gado da ba a raba ba, ko ga ɗan hayar da mai gida bai damu ba. Kot Dibuwa ta gwada wata hanya tun 2014: mai son wuta ya ba da jika ɗaya, a sa masa kontar, sauran kuɗin ya biya kaɗan-kaɗan cikin shekara goma. A nan ma an yi shirin NELACEP da Bankin Duniya ya tallafa, wanda Damagaram na cikin biranen da ya shafa. Amma hankalin irin waɗannan shirye-shirye ya fi karkata ga unguwannin da wuta ba ta kai ba, abin da ba laifi ba ne a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki. Gidan Zango mai mutum talatin a kontar ɗaya, a takardar ƙididdiga, gida ne da “ya samu wuta”, an wuce wurinsa.

Kontar mai kati, wanda ake saya wa wuta kafin a sha, yana kawar da ƙiyasi da bashin baya, yana kuma nuna wa mutum abin da ya rage masa kullum. Amma in shi ma ɗaya ne ga ɗaki goma, rigimar ta tashi ne daga ƙarshen wata ta koma kowane mako. Kafin a samu na kowa, ƙananan kontar da ake sayarwa a shagunan kayan wuta, a sa wa kowane sashe nasa a bayan babban, ba sa rage ko sefa ɗaya daga takardar kamfani, sai dai suna nuna wa ya sha me. A gidan da na sani aka yi haka, wata na farko ya nuna mai ƙanƙarar da aka yi shekara biyu ana harara ba ita ce kan gaba ba. Ɗakin mai gidan ne, da kilim ɗinsa.

Saura harshen takardar. Kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci a matsayin harshen aiki. Takardar wuta na cikin 'yan takardun hukuma da ke shiga gidajen gari duk wata. Layi huɗu da Hausa a bayanta, da boko ko da ajami, masu cewa ga kilowat ɗin da ka sha, ga kwanakin da aka lissafa, ga matakin da ka kai, ga ko karatu ne ko ƙiyasi, ba za su ci wa kamfani wani kuɗin kirki ba, kuma za su rage layin masu koke a ofishinsa na Damagaram kafin bazara mai zuwa.